Karkataccen Zobe a Bayan Rigar Uwa

Litinin, 1 ga Yuli 2019

Wannan littafin na awon riguna ne, amma shafukan baya babu komai a cikinsu, ni kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yau matata Hajjo ta shigo rumfata da rana tsaka, abin da ba ta yi sai in an yi rasuwa. Takarda a hannunta cikin leda. Wai saƙon Uwa ne daga Faransa, ta turo ta waya aka wanke a gidan foto. Uwa 'yata ta fari, sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunan ba. Shekara huɗu rabona da ganinta. Shekara huɗun nan maganarmu ba ta wuce "Baba kuna lafiya", "lafiya lau", sai in miƙa wa uwarta wayar.

Hoton baƙi ƙirin, ɗigo a tsakiya, zobba ja-ja sun kewaye shi. Hajjo ta ce Uwa so take in ɗinka mata shi a bayan riga, za ta sa ranar sutnans, ranar da za ta tsaya gaban manyan malamanta su ba ta dakta. Na ce Faransa babu teloli ne? Ta ce, "Malam, ita dai kai ta ce." Ta ajiye ta yi tafiyarta.

Ban ce zan yi ba.

Talata, 2 ga Yuli

Ban taɓa takardar ba. Sau biyu kawai na duba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ɗantani ya gani. Maƙwabcin rumfata, tare muka tashi a Zongon nan, shi ya bi keken ɗinki ni na tsaya a allura, kuma tun ranar bai bar ni na sha iska ba. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Khalilu, wannan ai murhun gas ne." Na ce ajiye, hannunka da mai.

Da yamma Hajjo ta kunna min muryar Uwa a waya. Ba ni take yi wa bayani ba, uwarta take yi wa, ni dai ina gefe ina cin tuwo. Wai tauraro ne jariri, ko suna ba shi da shi sai lambobi, ƙura ta kewaye shi shimfiɗe kamar faifai. Wasu manyan na'urori ne a kan dutse can ƙasar Chile suka ɗauko hoton. Rabin maganar Hausa, rabi Faransanci, yaran yanzu ba sa iya kai jimla gida da harshe ɗaya.

Issa ɗan yayar Hajjo, mai aikin asibiti a Faransa, ya zo hutu, zai koma 14 ga Agusta. Shi zai kai. Ga rigunan Layya uku a gabana. Kowa ya tsara min rayuwata ban da ni.

Asabar, 6 ga Yuli

Na je unguwar Dapoya neman zare, sai na ga wani dan fani, ƙyallen saƙar hannu na ƙasar nan, mai baƙin shuɗi, saƙa mai kyau, matsattsiya. Na saya. Alharini ja, da ruwan goro, da ɗan fari na tsakiya. Ruwa ya kama ni a hanyar dawowa, na cusa ƙyallen cikin riga na bar kaina ya jiƙe. Hajjo ta gani, sai murmushin nan nata mai ban haushi.

Laraba, 10 ga Yuli

Yau na zauna zayyana. Na sa tabarau na duba hoton sosai, sai na ga aikin banza ne. Zobe na ɗaya daidai, na biyu daidai. Daga nan sai wani fili baƙi mai faɗi da ya fi ƙarfin wurinsa. Zobe na uku kuwa, wayyo. Gefe ɗaya ya kumbura ya yi kauri, ɗaya gefen siriri har yana neman ɓacewa. Ko dai hannun mai ɗauka ya girgiza, ko injin gidan foto ya zubar da tawada.

Baffa Wada da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, in ka kawo masa tambari ya karkace ko da faɗin zare ɗaya, ba ya magana. Reza zai miƙa maka. Shekara arba'in da biyar karkataccen zagaye bai fita daga rumfata ba, ba kuwa a bayan 'yata zai fara fita ba, a gaban Nasara, su ce ubanta bai iya ba.

Na kafa allura a tsakiya, na ɗaura zare, na zaga da alli. Zobba huɗu, tsakaninsu daidai wa daida. Ni kaina na tsaya ina kallo.

Hajjo ta leƙo ta ce bai yi kama da na takardar ba, "ka tambaye ta mana." In tambayi 'yar da na haifa yadda ake zagaye?

Lahadi, 14 ga Yuli

Zobe na ɗaya ya ƙare. Bayana ciwo.

Juma'a, 19 ga Yuli

Hannu na aiki, kai na yawo inda ban aike shi ba.

Ranar nan ce ke ta dawo min. An ba Uwa gurbin karatu a Faransa, a makon kuma aka ba ta aikin koyarwa a wata makaranta a Tampouy, kusa da gida. Ni na Tampouy nake so. Ta same ni a rumfa, mutane cike a benci, ta durƙusa ta faɗa min. Na ce me za ki karanta can? Ta ce ƙurar da ke kewaye da taurari. Na ce ƙura? Ga tsintsiya can bayan ƙofa, fara da ta rumfar nan. Aka bushe da dariya, Ɗantani har da buga cinya. Ita ba ta yi ba. Ta miƙe, ta ce "Allah ya huci zuciyarku, Baba", ta fita.

Ban raka ta filin jirgi ba. Na ce aiki ya yi min yawa.

Na yi kuskure ranar nan. A nan zan iya rubutawa tunda ba mai karantawa. Tsoro ne ya kama ni kada ta tafi ba ta dawo ba, sai ya fito ta bakina a matsayin ba'a. Wannan rigar ita ce abu na farko da ta roƙe ni tun lokacin, don haka sai ta fi duk abin da na taɓa ɗinkawa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Na uku ya tafi sumul. Ɗantani ya shafa ya ce ko keke ba zai fitar da haka ba, kuma daga bakinsa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rigunan Layya na nan a ninke suna harara ta.

Talata, 30 ga Yuli

Na gama kafin la'asar. Hajjo ta shimfiɗa a tabarma ta ɗauki hoto ta tura. Na zauna ina gyara allurai, wai ban damu ba.

Amsa ta zo bayan magariba. "Ya yi kyau, Baba. Sannunku da aiki. Mersi." Shi ke nan. Na ce Hajjo ta sake kunnawa ko akwai saura. Babu saura. Kwana ashirin ina tsiyayar da idona, a sallame ni kamar mai kawo ruwa?

Laraba, 31 ga Yuli

Shiru.

Juma'a, 2 ga Agusta

Hajjo ta yi ta zagaye ni tun safe, ta kawo koko ta ɗauke, ta kawo ta ɗauke. Na ce faɗi abin da ke bakinki. Ta ce sun yi magana da Uwa jiya. Wai kada a wahalar da Issa, a ajiye rigar a gida, tana da wadda za ta sa.

Na ce don me?

Ta ce yarinyar kuka ta yi. Abin da ta riƙe daga maganarta: "Inna, abin da Baba ya cire shi ne aikina. Zobba masu kyau kowa ya gani. Karkataccen nan na shekara huɗu a kansa." Da kuma, "Baba dai sai ya gyara ni."

Na tashi na tafi masallaci tun kafin a kira. Ban ji huɗuba ba.

Asabar, 3 ga Agusta

Ita ta faɗa? Ta rubuta a jikin takardar cewa kada a taɓa? Mutum ya kawo min hoto a karkace, in bar shi a karkace, to mene ne amfanina? Duk Zongo, duk unguwar Bilbalogho, a tambaya ko an taɓa dawo min da aiki. A bar ta ta sa kwat ɗin Nasara.

Na soke yatsana sau uku a rigar Alhaji Muhammadu Sani. Na yi wa Ɗantani tsawa a kan rediyonsa, alhali kullum haka yake kunna ta.

Hajjo ta ce in tambaya tun ranar farko. Ta faɗa, ina ji.

Lahadi, 4 ga Agusta

Bayan azahar na ce Hajjo ta kira min ita. Ta kalle ni, na ce kira mana, ko sai na cika takarda?

"Baba, kuna lafiya?" Na ce lafiya lau. Nan ne wurin da nake miƙa waya. Hannuna har ya fara tafiya. Na ce, "Uwa, wannan kaurin na zobe na uku, mene ne shi?"

 Sai ta fara, a hankali, kamar mai taka kwalba.

Abin da na gane. Baƙin filin nan mai faɗi ba kuskure ba ne, hanya ce. Wata duniya ce ake halitta a wurin, tana zaga tauraron tana kwashe ƙurar da ke gabanta tana ƙara girma, shi ya sa wurin ya zama wayam. Nauyinta kuma shi ke tura ƙurar waje ta taru a gefe ɗaya, shi ne kaurin. Daga faɗin hanyar da girman tarin ta yi lissafi ta fitar da nauyin duniyar, wai ta ninka tamu sau ɗaruruwa. Wai tamu ma da haka ta fara, cikin irin wannan faifan. Allah mai iko.

Na ce kin gan ta, duniyar? Ta ce a'a. Na ce to ta yaya za ki tsaya gaban manya ki rantse da abin da ba ki gani ba? Ta ce, "Baba, in an kawo muku tsohuwar riga, ba kwa faɗin wanda ya ɗinka ta, ko ya shekara talatin da rasuwa?" Na ce wannan daban. Ta ce to. Ba daban ba ne, na sani.

Na ce ba ni awo. Ta yi wata 'yar dariya, rabona da jin ta har na manta kalarta. Ta ce in ɗauka zoben agogo ne: kaurin ya fara daga ƙarfe ɗaya, ya cika a biyu da rabi, ya mutu a huɗu. Wajen ƙarfe tara siriri ƙwarai amma kada ya yanke. Baƙar hanyar ta ninka sauran sau biyu da ɗan ɗori. Na rubuta a shafin gaba tare da awon mutane.

Ta ce, "Baba, lokaci ya ƙure, ku bar shi." Na ce ba ke za ki koya min lokaci ba.

Litinin, 5 ga Agusta

Na ɗauki reza. Zobe na uku da na huɗu duka sai sun tashi, don hanyar ta samu wuri. Aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata, ina tsinke shi zare-zare, ina tsoron kada in yanki saƙar. Ɗantani ya tsaya a kaina ya ce, "Lafiya? Aljanu ne?" Na ci gaba da tsinkewa.

Laraba, 7 ga Agusta

Ba zai yiwu ba, rigar Uwa da riguna uku kafin Lahadi. Ta Alhaji Muhammadu Sani saura wuya, zan ƙarasa. Sauran biyun na kira masu su na faɗa musu gaskiya, ko su jira bayan Salla ko a kai wa keke. Duka suka ce keke. Da hannuna na ɗauka na kai wa Ɗantani. Ni, Khalilu, da na shekara talatin ina ce wa aikinsa zanen kaza.

Na jira ba'a. Ya karɓa ya ce, "Je ka yi na ɗiyarmu." Wannan ya fi ba'ar zafi.

Alhamis, 8 ga Agusta

Hannun nan ba ya jin magana. Na zana da alli yadda ta ce, amma da na saki jiki sai in tarar ya rage kaurin, ya cike siririn, yana mayar da shi daidai da kansa. Sau biyu na warware yau. Dole in riƙa tsayawa kowane ɗan taƙi in duba takarda kamar sabon shiga.

Wurin kaurin na ɗora zare bisa zare hawa uku, ruwan goro a ƙasa, ja a sama, fari kaɗan a inda ya fi cika. Ban taɓa yin irinsa ba. Ban san ko kyau gare shi ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Jajibiri, benci cike da masu jiran kaya. Wani ya leƙa ya ce, "Malam Khalilu, ido ya fara tafiya ne? Wannan ai ya karkace." Aka yi dariya. Kafin in san abin da nake yi na miƙe da ƙyallen a hannu ina nuna musu hanya, ina nuna tarin, ina cewa nan duniya take, ba a ganinta amma ga aikinta. Na yi ta zuba har da ƙarfe biyu da rabi. Wani ya ce wa ya faɗa? Na ce 'yata, ita ta gano, ita ta auna. Na faɗa da ƙarfi har mai gasa masara ta waiwayo.

Da na zauna kunya ta kama ni. A wannan bencin ne dai.

Lahadi, 11 ga Agusta

Salla. Daga Idi na yanka rago na bar musu fiɗa na shige ɗaki da allura. Hajjo ta yi mita, baƙi na ta sallama ana cewa Malam ya ɗan kwanta. Uwa ta kira barka da Salla, na ce saura daga ƙarfe shida zuwa sha biyu. Ta ce ku ci nama dai, Baba.

Talata, 13 ga Agusta

Ya ƙare. Na shimfiɗa, na ja da baya. Idona na cewa a miƙo reza. Na ɗora takardar a gefe, su biyun abu ɗaya ne.

Hajjo ta ɗauko waya za ta ɗauki hoto, na hana. Ta ce don me? Na ce haske babu kyau. Gaskiyar ita ce in ta sake cewa "ya yi kyau, mersi" ban san inda zan sa kaina ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Issa ya karɓa. Na ce a jakar hannu, ba cikin kaya ba. Na faɗa sau uku har ya ce, "Baba, na ji wallahi."

Talata, 20 ga Agusta

Uwa ta ce wa uwarta saƙo ya iso, tana godiya, tana cikin gyaran takardu ba ta ko barci. Ba ta ce za ta sa ba. Ba ta ce ba za ta sa ba. Ni kuma ba zan tambaya ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Ba aiki mai yawa. Na share rumfa, na sake jera zare, na rushe na sake. Ɗantani ya ce in ina neman abin yi in zo in koyi keke.

Alhamis, 12 ga Satumba

Yau ne sutnans. Na rufe rumfa na ce bayana ne. Na zauna a tsakar gida kusa da Hajjo, wayar a kan turmi tsakaninmu, tana tsintar shinkafa ina yi mata gyaran da ba ta nema ba.

Wajen la'asar ƙawarta ta turo bidiyo. Ga Uwa a gaban allo, ta rame, baƙin shuɗin a jikinta.  Hoton tauraron ya cika bango, tana magana da Faransanci mai gudu, ban kama ko rabi ba. Sai ta juya za ta nuna wani abu, bayanta ya fuskanci mutane. Aka yi wata 'yar hayaniya. Wani tsoho mai farin kai cikin malaman ya cire tabarau, ya duba bango, ya duba bayanta, ya sake duba bango, ya ce wani abu aka yi dariya da tafi. Daga baya Issa ya faɗa mana a waya, cewa tsohon ya yi har kusurwar daidai take.

Hajjo ta yi guɗa, maƙwabta suka shigo. An ba Uwa dakta. Na shiga ɗaki na ɗan jima, wani abu ne ya shiga idona.

Asabar, 14 ga Satumba

Jiya ta kira, ni ta nema. Mun kai kusan awa har wayar Hajjo ta mutu. Ta tambayi yadda na yi kaurin ya tashi haka, na faɗa mata hawa ukun, ta ce in maimaita tana rubutawa. Ba ta taɓa tambayata aikina ba. To, ni ma ban taɓa ba.

Wai tarin ƙurar nan ba a tsaye yake ba, zagawa yake, sai ya fi shekara ɗari biyu kafin ya kewayo. Nan da shekara biyar za su sake ɗaukar hoto, in lissafinta daidai ne zai matsa kaɗan, a jikin rigar bai fi faɗin yatsa ba. Na ce to ranar rigar ta zama ƙarya kenan. Ta ce sai a kawo wa mai ita ya gyara. Na ce shekarata sittin da uku. Ta ce, "Sai ku jira ni, Baba."

Ragowar alharinin na naɗe na sa a gwangwani, na rubuta a kai kada a taɓa.

Yau na ce Ɗantani ya raka ni kasuwa in sayi waya tawa ta kaina, irin mai hoto. Saboda masu kawo aiki ne, suna yawan cewa ba a samuna. Mai shagon ya ce lambar wa zai fara sa min. Guda ɗaya ce na haddace, ta Uwa.